Man Birki a Ɗakin 'Yan Tiyata

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina lafiya, ke da maigida da yara. Allah ya ƙara miki sauƙin gwiwar nan. Mu nan sai godiya, iyali lafiya, gareji ma yana ta bunƙasa, har na sayi filin da ke bayansa.

Albishirinki, an yi mini aikin ƙabar nan, na dawo gida da ƙafata. Ba wuƙar likita na ji tsoro ba, ɗinkin ne. Mutumin da ke gadon kusa da nawa, nasa ya yi ruwa har aka sake buɗe shi, ya daɗe a kwance. Ni kuwa kin san ban iya zama ba.

'Yarki da na riƙa tun tana rarrafe, na kai ta makarantar jinya da gumina, ita ce a ɗakin. Yaya, da kin ga yarinyar nan! Kafin ta taɓa ni sai ta wanke hannu tas, ta sa sabuwar safar hannu, in ta gama ta jefar ta sake wankewa. Na ce mata ni fa ubanta ne, ba bola ba. Ta yi dariya, ta ce ai shi ya sa.

Ranar da ɗinkin ya fara ƙaiƙayi, abokina Mai Walda ya shigo mini da 'yar kwalbar man birki a aljihu, irin wanda muke ɗigawa a yanka tun muna koyon aiki. Ina fara ɗaga filastar sai ga ta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta riƙe hannuna, ta nuna mini baƙin da ke ƙarƙashin farcena, ta tambaye ni ko ina bari a buɗe injin mutane cikin ƙura. Wallahi ban taɓa bari ba! Ta karɓe kwalbar, ta tisa ƙeyar Mai Walda har bakin famfo ya wanke hannu, da furfurarsa da komai.

Jiya aka cire zaren, wurin ya bushe ƙamas. Babban likita ya duba ya yaba, ni kuma na ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji, na ce aikin 'yata ne. Ki yi haƙuri, ban ce taki ba, kuma ba zan janye ba.

Ki gaishe mini da maigida, da Goggo, da Auta sarkin rigima. Allah ya sada mu da alheri.

Naki ƙanin,
Mai Gareji