Ƙofar da Na Bari a Fiffiken Tattabara

Zuwa ga mai yatsun bakan gizo, sanyin idona, ruwan farko a kan busasshiyar ƙasa, wadda Allah Ya ba taushin siliki Ya kuma haɗa mata da taurin kan ƙusa,

Da gaisuwa zan fara, don kada Goggonki ta ce ba ni da tarbiyya. Ina kwana, ina gajiya, ya gida, ya su Baba? To, na gaishe ki. Yanzu matsa gefe ki bar ni in yi ihu.

Kin taɓa buroshi! Bayan kwana hamsin da uku, kin taɓa buroshin zane! Jiya da hantsi ina tsugune ina yi wa ƙofar wani bawan Allah walda, sai ga Goggo ta tsaya a kaina da jakar ɗinkinta, ta ce, "Kai Barkono, cire baƙin gilashin nan ka ga abin da ya fi ƙarfinka." Ta miƙo mini ɗan ƙyallen ƙarshe da na aika miki. Na duba. Na goge ido na sake dubawa. Shuɗi! Shuɗin nan naki da ba a sayar da shi a kanti, wanda yake farawa kamar sararin safiya ya ƙare kamar tsakiyar kogi. Wallahi ƙofar mutumin nan har yanzu tana jingine da ƙafa ɗaya, ya zo sau biyu yana faɗa, ni kuwa da ba a taɓa gaya mini ɗaya ban mayar da goma ba, murmushi kawai nake yi masa. Ya tafi yana tambayar maƙwabta ko lafiyata ƙalau.

Amma kafin murna ta ɗauke ni, bari in faɗi laifina a rubuce, don ki ajiye takardar ki riƙa fito da ita duk ranar da na ɗaga miki murya.

Gyale shida kika zana don baje kolin masu sana'ar hannu. Wata uku kina sunkuye a kansu. Saura kawai a turara su da tururi launi ya kama, kuma ni na bugi ƙirji na ce ki daina wahala da tukunyar girki kina turara ɗaya-ɗaya, zan ƙera miki dogon bututu da zai ɗauki shidan a tashi guda. Na ƙera. Kika duba murfin kika ga shafaffe ne, kika ce a naɗa tawul a ƙarƙashinsa saboda gumin tururi kada ya ɗiga. Me na ce miki? Na ce, "Ni za ki koya wa tururi? Ni da nake wuni da wuta?" Awa uku ruwa yana ɗiga a kan aikinki muna zaune muna hira, ina ba ki labarin gwanintata. Da muka warware takardar da aka naɗe su a ciki, furanninki sun narke sun shiga juna kamar an yi musu kuka. Ni kuma da kunya ta shaƙe ni, maimakon in durƙusa, sai bakin nan nawa da ke riga hankalina fita ya ce, "To ai sai ki sake wasu, ba ƙyalle ba ne?"

Ƙyalle! Kaicon harshena! Na ga lokacin da kalmar ta sauka a fuskarki. Kika tashi kika wanke buroshinki ɗaya bayan ɗaya, kika jera su cikin gwangwanin biskit, kika ɗaure da tsumma har ƙulli biyu. Haƙuri kam na ba ki, kin kuma ce ya wuce, kina amsa gaisuwata, har dariya kina yi mini. Amma yatsunki! Ranar da na gan su fes, babu ɗigon ja, babu kore a gefen farce, sai na ji kamar na ga bishiyar ƙofar gida an sassabe ta. Wace irin yafiya ce wannan, ranki ya daɗe, da ta bar ni da rai ta kashe hannunki?

Kin tuna ranar da kika fara zuwa shagona? Kusurwar firam ɗin da kike miƙe siliki a kai ce ta karye, na ce aikin kafinta ne, kika ce kafinta ya ce aikin mai walda ne, kuma ba za ki koma ba. Na ɗaure miki da ƙarfe. Don ki gwada ko ya zauna, nan take kika miƙe farin ƙyalle da fil, kika ɗiga rini sau ɗaya. Na ga ɗigon nan ya zabura yana gudu ta ko'ina kamar an koro shi, har ya ci karo da siririn layin ƙaro da kika ja, ya tsaya cak. Kika ce mini siliki ba ya riƙe sirri, duk inda layi ya bar ƙofa ko da ta kai tsinin allura, launi zai gano ta ya fice. Sannan kika dube ni, ina ta yi wa wani mai babur masifa ta gefen baki, kika ce, "Kai ma ɗigon rini ne, ba a dai ja maka layi ba." Tun daga ranar nake tsaye cak, hasken raina. Wa ya taɓa tsayar da ni kafin ke?

Shi ya sa raina ke ɓaci da masu ba ki shawara. Wannan ya ce ki huta, sha'awar za ta dawo da kanta. Da kanta! Motar haya ce ita da za a tsaya bakin titi ana jira? Ɗan'uwanki mai kantin kaya ya ce dama zanen nan ɓata lokaci ne, ki zo ki tsaya masa a kanti kina sayar da gyalen inji, irin wanda ake buga fure ɗaya sau dubu. Na haɗiye abin da na so in gaya masa. Ki shaida, na haɗiye.

Ni abu ɗaya na sani a duniya bayan walda, shi ne yadda ake koyon abu da kaɗan-kaɗan. Kin san aji uku na yi aka cire ni. Karatun da kike gani ina tinƙaho da shi, a jikin kwalin ƙarfen walda na fara shi, layi ɗaya kowace safiya kafin in kunna inji. Daga kwali na koma tsohuwar jarida, daga jarida na koma littattafan da ake zubewa a bakin hanya, waɗanda rabinsu ba su da shafin ƙarshe, har yau akwai labarai bakwai da ban san yadda suka ƙare ba. Ban taɓa tashi da safe na ji wata sha'awa ta sauko mini daga sama ba. Layi ɗaya ne kawai, ko ina so ko ba na so. Kuma tunda yau ranar tonon asiri ce: a cikin littattafan nan akwai na zanen siliki, na saye shi tun makon da na san ki don in burge ki. Bayan ɓarnar na koma na buɗe shi ina fatan in tarar an yage shafin turarawa, in samu abin kafa hujja. Shafin yana nan lafiya lau. Har da hoton tawul. Tsallake shi na yi don ina ganin na sani.

Sai na ce, tunda ban isa in ce miki ki zana ba, bari ni in zana. Na je wurin Goggo na roƙi guntayen silikin da ke zuba ƙarƙashin keken ɗinkinta. Ta ce, "Me mai walda zai yi da siliki, gumi za ka share?" Amma ta ba ni, har da ƙaro a 'yar kwalba. Kowace safiya, minti goma, ƙyalle kamar tafin hannu, in ja layin duk abin da idona ya fara sauka a kai. Ran farko na zana butar shayi. Dogo mai faci, maƙwabcin shagona, ya leƙo ya ce, "Kai, kunkurun nan ya ji jiki." Rana ta biyu na zana makulli, ya ce kifi ne. Rana ta biyar na zana shi Dogon da kansa yana barci kan taya, ya ce wannan kam ya gane, tsani ne. Ban jefe shi da guduma ba. Ki ƙara shaidawa.

Kullum Goggo ta biyo ta karɓa ta kai miki, kullum ta dawo ta ce kin duba kin ajiye. Goma sha ɗaya, shiru. Ina ƙirgawa kamar mai ƙirga taurarin da gajimare ya rufe, na san suna nan, ganinsu ne babu. Na goma sha biyu ita ce tattabarar da ke sauka a kan rufin shagona. Ga yadda Goggo ta ba ni labari, kuma ta yi rantsuwa ba ta ƙara gishiri ba: kin duba, kin ajiye a kan tebur, kin fita tsakar gida. Kin dawo kin ɗaga shi saitin taga. Kin ja tsaki. Kin sake fita, kin ɗauki tsintsiya kin share inda aka riga aka share. Sannan kin shigo kina cewa, "Wannan mutumin zai kashe ni," kika jawo gwangwanin biskit, ƙullin ya ƙi kwancewa, kika sa haƙori.

Haƙori, farin watana! Da ina wurin da na sumbaci tsumman nan!

Kika rufe 'yar ƙofar da na bari a layin fiffike, kika jira ya bushe, kika cika fiffiken da shuɗi. Fiffike ɗaya tak, sauran jikin kika bar shi fari. A takardar da kika naɗe shi kuma kika rubuta mini: "Ka bar ƙofa a fiffike. Kuma ka daina ɓata wa Goggo siliki." Na karanta littattafai sun fi ɗari, ban taɓa cin karo da jimla biyu masu daɗin waɗannan ba. Na karanta wa Dogo sau huɗu har ya ce in ban bar shi ba zai tashi daga unguwar.

Goggo tana ganin da gangan na bar ƙofar, don na san ba ki iya ganin buɗaɗɗen layi ki wuce. Har ta ce ashe akwai kwanya a bayan bakin nan. Na so in bar ta a haka, yabo ba ya yawan biyowa ta layinmu. Amma ke ba zan yi miki ƙarya ba: Dogo ne ya fasa taya ina tsakiyar jan layi, hannuna ya zabura. Dabara ba tawa ba ce, ikon Allah ne da tsohuwar taya. Kuma ba sai na riƙa barin ƙofa da gangan nan gaba ba, hannuna yana yin hakan ba tare da an roƙe shi ba.

Na sake ƙera bututun. Murfin yanzu mai tulluwa ne, gumi yana gangarawa gefe, kuma akwai tawul, tawul biyu ma, ɗaya don tururi ɗaya don girman kaina. Sau uku na gwada shi da nawa zanen. Jiya Goggo ta warware takardar da hannunta, ta shafa, ta shinshina, ta ce a bushe take ƙamas, abin takaicin kawai shi ne zanen ya fito yadda ya shiga. Ba zan ce ki sa aikinki a ciki ba. Ranar da kika ga dama ki zo ki duba shi da kanki, ki faɗi abin da ya rage, ni kuma in rufe bakina in gyara. In kin fi son tukunyarki, ni zan riƙa ɗebo ruwan.

Ba gyale shida nake roƙo ba, ƙanshin ƙasa bayan ruwa. Ba baje koli ba, ba ma gyale ɗaya ba. Waɗancan shidan sun tafi, ni na kashe su, kuma ba ni da waldar da za ta dawo da su. Minti goma nake roƙo. Kafin shayinki ya huce, kafin gida ya cika da kira, ki zauna bakin tagar nan da hasken safe ke faɗowa, ki ja layi ɗaya. In ya yi kyau, madalla. In ya yi muni, ki aiko mini, ya tarar da 'yan'uwansa. Ni ma a daidai wannan lokacin ina nan kan bencina ina jan nawa, ke can ni nan, kamar tsuntsaye biyu da ke shan ruwa a gaɓa biyu na kogi ɗaya. Ashe akwai abin da ya fi wannan a cikin abin da ake kira soyayya? In akwai, yana cikin shafukan da aka yage.

A cikin wannan takarda za ki ga ƙyalle na goma sha uku. Ki juya shi gaba da baya, ba za ki ga komai ba. Yau ban ja layi ba, na zauna minti goma ina kallonsa na bar miki shi fari. Naki ne. Goggo za ta biyo gobe da hantsi.

Amma ki ji da kyau, don ni mutum ne mai cika magana. In ya dawo mini fari, zan ɗauki kwalbar ƙaro in zana fuskarki a kai, da ido da hanci da komai, in sa a firam in rataye a ƙofar shago inda duk mai wucewa zai gani, in rubuta a ƙasa ko wace ce. Kin san hannuna. Ki yi wa kanki adalci.

Ni ne naka, a'a, kin ga har alƙalami ya yi tuntuɓe, ni ne naki, yau da gobe da ranar da furfura za ta cinye kaina, mai kaifin baki ga duniya duka, mai ladabi a gabanki iyakar ƙoƙarinsa, wanda ba zai gaji da jira ba kuma ba zai duba wata taga ba,

Barkononki mai walda.