Izinin Fasa Bangon Ɗakin Inna

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya kai da iyali. Allah ya ƙara muku lafiya, ya sa albarka a nema. Mu nan kowa ƙalau, sai dai gwiwoyin Inna da har yanzu suka hana ta saukowa daga bene. Wata bakwai ke nan rabonta da taka tsakar gida.

Yaya, albishirinka! Takardar izini ta fito! Ka san mun shirya fasa bangon da ke tsakanin sito da ƙaramin falo, a yi wa Inna ɗaki a ƙasa da banɗaki a ciki. Maginin da Kawu ya kawo, wanda ake ce wa Sai-Gobe, ya rantse aikin cikin gida ba ruwan hukuma da shi, wai shekara talatin yana fasa bango ba wanda ya taɓa tambayarsa takarda. Har ya ja layi da alli, ya jingine gudumarsa. Ni kuwa ka san ni da shegen tambaya, sai na tafi ofishin masu kula da gine-gine. Wata injiniya ta ce fenti da tayil ba sa buƙatar izini, amma taɓa bangon da ke ɗauke da nauyi, ko jan sabon bututun banɗaki, dole sai sun duba. Kawu ya yi ta faɗa wai na jawo mana jira, Inna ma kwana biyu ba ta kula ni ba.

Ranar da injiniyar ta zo, ta ƙwanƙwasa bangon, ta hau sama ta yi aune-aune, sannan ta kira ni ta nuna mini. Yaya, ashe bangon nan shi ke riƙe da benen, kuma daidai kansa gadon Inna yake! Sai-Gobe ya tuɓe hula yana ta sosa ƙeya. Ni kam sai na zauna kan buhun siminti na sha kukana.

Sati shida muka jira. Yanzu sun amince, da sharaɗin a kafa ginshiƙi biyu a ɗora dogon ƙarfe mai kauri a kansu kafin a cire ko bulo ɗaya, kuma za su dawo su duba. Jibi-jibin nan za a fara!

Ka gaishe mini da Anti, da 'yan biyu, da takwarar Inna. Kawu na gaishe ka, shi ne ma ya karɓo takardar da kansa. Inna kuwa tun jiya ta sa na ƙulle mata kayanta. Ta ce in faɗa maka ranar da za ka zo kada ka wahalar da kanka da hawa sama, ita za ta buɗe maka ƙofar gida da hannunta.

Taka har kullum,
Auta