Hannu a Ƙarƙashin Hankici

Iskandariyya.

Zuwa ga ƙanena Gad,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kai da matarka Sabah da 'yarku amarya Duha kuna lafiya. Dalilin wannan takarda shi ne, tun da likitoci suka cire maka maƙogwaro, duk kiran da na yi matarka ce ke ɗauka.

Na ji an tsayar da ranar ɗaurin auren Duha. Ka san al'ada: uba zai riƙe hannun ango a ƙarƙashin farin hankici, ya maimaita abin da malam ya faɗa, jama'a suna ji. Dangin angon kuma mutanen Aswan ne masu ji da kansu. Shawarata, ka wakilta ni in zauna a madadinka. Rufin asiri ne gare mu duka.

Wassalam. Yayanka, Fauzi.

*

Daraw.

Yaya Fauzi,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, ko ɗigo ɗaya ba ka manta ba. Shekara talatin kana koyar da nahawu, dole.

Ka ce rufin asiri. Wane asiri ya rage? Ni ne dillalin da idan ya ɗaga murya a kasuwar raƙuma, har masu jirgin ruwa a bakin kogi sai sun waiwayo. Yau rami ne a wuyana, ina rufe shi da ƙyalle. Likita ya ba ni wata 'yar na'ura, in na danna ta a ƙarƙashin haɓa sai magana ta fito kamar zanzaro ya faɗa cikin gwangwani. Sau ɗaya na gwada ta a shagon aski. Wanzami ya leƙa bayan kujera yana neman inda waya ta haɗu. Tun daga ranar, wata takwas ke nan ban wuce ƙofar gida ba.

Zo ka zauna. Ni zan tsaya ta baya, wajen masu dafa shayi. Can ba a bukatar bakin kowa.

Allah ya bar zumunci. Ƙanenka, Gad.

*

Daraw.

Yaya,

Salamu alaikum. Kada ka kai jallabiyarka guga tukuna, akwai labari.

Sabah ce ta ja. Ta ce, "Abu Duha, kai ne fa uban Duha, 'yar dillalin raƙuma za ta yi aure, a ce naman bikinta wani ne ya zaɓo?" Na rubuta mata cewa ta aiki ƙanenta. Ta ce, "Wannan? Wanda ya sayo akuya aka ce masa tana da ciki, ashe bunsuru ne?" Ta jefo min rawani, ta ɓoye takalman zaman gida.

Ina shiga kasuwa, wa zan gani? Haj Bakri, tsohon nan da ke koro garke daga Sudan, wanda muka shekara ashirin muna cutar juna cikin girma da arziki. Ya ce, "A'a, gawa ta taso. An ce sun yanke maka jakin da ke wuyanka. Raƙumana har ƙiba suka yi saboda samun barci." Ka san, Yaya, wata takwas kowa na min magana kamar kwano mai tsaga. Shi ne mutum na farko da ya zage ni. Na ji daɗin da ban ji ba tun kafin asibiti.

Ya jawo wani amale, ciki ya yi tim, gashi yana sheƙi. Ya ce ɗan shekara biyar ne. Na matsa kusa da shi. Na buɗe leɓensa na nuna wa mutane haƙora, duk tsufa ya cinye su. Na shafa wuyansa, tafina ya fito ja da lallen da aka rina gashin da shi. Na bugi cikin, ya yi ƙarar salka: gishiri aka ba shi, ya kwana yana shan ruwa. Kasuwa ta ɗauki dariya. Bakri ya ce, "Allah ya isa tsakanina da likitan da ya bar maka ido."

Sai ya kawo na gaskiya. Ya yafa gefen rawaninsa a kan hannuwanmu, muka shiga ciniki da yatsu kamar yadda muka saba, ya matsa, na matsa, har ya sallama. A hanyar gida na tsaya a inuwa ina kallon hannun nan. Ashe duk shekarun nan ihun na 'yan kallo ne. Cinikin a ƙarƙashin ƙyalle ake ƙulla shi, kuma ba a yi wa hannuna tiyata ba.

Da na ba Duha labari da na'urar tawa, ba ta yi dariya ba sai inda ya kamata. Sannan ta ce, "Baba, Baffa Fauzi ya iya karatu, amma ba shi ya goya ni a kan taguwa ba." Daga nan ta tashi wai tana duba tukunya.

Saboda haka na janye wakilci. Kujerar tawa ce.

Naka, Gad.

*

Iskandariyya.

Ƙanena Gad,

Bayan sallama. Na yi murna da fitarka, amma aure ba cinikin raƙumi ba ne. Ba a ƙulla shi da yatsu. Dole a furta lafazi, shaidu su ji, ga lasifika a gabanka. Idan wani daga mutanen Aswan ya tuntsire, Duha ce za ta zauna da su, ba kai ba. Ka sake tunani.

Yayanka, Fauzi.

*

Daraw.

Yaya,

Amin, wa alaikas salam. Na yi tunani. Na hau mota har Aswan, na zauna a falon uban angon, na kwance ƙyallen wuyana, na danna zanzarona na ce, "Ga hajar, ba lalle ba gishiri. Da wannan muryar zan ba ɗanka 'yata. Mai dariya ya yi tasa yanzu, ranar biki akwai nama a baki, kada wani ya shaƙe." Mutumin ya dube ni, sannan ya sa aka ƙaro shayi.

Kullum da hantsi ina bitar lafazin a garke. Raƙumin biki ya haddace.

Zo ka ci nama. Gad.

*

Iskandariyya.

Abu Duha,

Salam. Na iso gida lafiya daga ɗaurin aure. Ka ga na ƙi zama a sahun gaba, na koma can baya wajen masu shayi. Tsoro nake ji, ba sai na ɓoye maka ba. Ka san kunnena na hagu ya mutu. Amma da ka ture lasifikar, rumfar ta yi tsit, har cokula suka daina motsi, na ji kowane harafi. Shekara talatin kana ihu ban taɓa saurarenka ba.

Ka yi kuskuren wasali ɗaya a sunan angon. Ban gyara ba.

Yayanka, Fauzi.