Ashe Ba Mura Ba Ce

Inna,

Gaisuwa mai yawa. Yaya ƙafar Baba? Yaya su Yaya da yara?

Ni dai da sauƙi, kada muryata a waya ta tayar miki da hankali. Abin da na ce miki mura ce, ashe ba ita ba ce. Na yi ta sirace yadda kika koya mini, har kuncina ya kumbura, cikin hancina ya yi baƙi. Likita ta ce fumfuna ce, irin wadda ta cinye bangon ɗakin wankin da nake aiki, ta shige kogon hancina tana cin nama. Wai mai lafiya yana shaƙarta ya kwana lafiya, ni kuwa ciwon suga ya karya mini garkuwar jiki. An yi mini aiki, an kankare inda ya mutu, ido ya tsira. Ruwan maganin da ake ƙara mini ne kawai ke sa ni rawar ɗari. Shugabar aikinmu kuma sai tambayar ranar dawowata take, kamar ni na gayyato cutar. Na gaji, Inna, wallahi.

Ki ce wa Yaya ta daina wasa da maganin suganta. Baba kuwa a bar shi a kan cewa mura ce ke damuna.

Mayafinki da kika cusa mini a jaka yana ƙarƙashin filona, da ƙamshinki nake barci tun zuwana. Yanzu hancin ba ya jin komai, likita ta ce sai yadda Allah ya yi. Amma kullum sai na shinshina.

A sa ni a addu'a.

Autarki