Mai Raken da Aka Kashe a Gabana

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin don Allah a ɓoye sunana, ko harafin farko kada a sa, domin akwai 'yan unguwarmu a guruf ɗin nan. Don girman Allah ku ba ni shawara, na rasa wanda zan faɗa wa maganar nan a gida.

Ni malamar firamare ce a nan Dutse, asalinmu 'yan Ringim ne, ina da 'ya'ya uku. Shekara huɗu da suka wuce 'yan ƙwacen waya suka kashe mijina. Da la'asar ne, ya fito daga masallaci yana amsa kira, matasa biyu a kan babur suka tare shi, ya riƙe wayar bai saki ba, suka soka masa wuƙa a wuya. Na je na same shi kwance a bakin kwata, jini ya jiƙa shaddarsa har gwiwa. Da na fita takaba Yayana, wanda muke uwa ɗaya uba ɗaya, ya kwaso ni da yaran ya ba mu ɗaki biyu a gidansa, har yau nan muke.

Yaya ne ya tara matasan unguwa suka kafa kwamitin sintiri, shi ne shugaba. Kuma zan faɗi gaskiya, abin ya yi aiki. Mata suka koma zuwa islamiyya da waya a hannu, mai shago ya bar kayansa a buɗe ya tafi sallah. Ɓarawon farko da suka kama sun ɗaure shi a jikin turken wutar lantarki, ni da kaina na fito na cire takalmina na dinga buga masa a baki har leɓensa ya tsage, ban ma san ko yana cikin waɗanda suka kashe mijina ba. Ranar na ci abinci na ƙoshi. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ɗauka ni mai tsarki ce.

To sai dokoki suka yi ta ƙaruwa. Ba a yawo da wuƙa, baƙo sai ya faɗi gidan da ya zo, wanda askinsa bai yi musu ba a zaunar da shi a aske shi da kwalba. Wani tela ya ce a wurin taro dukan ya yi yawa, bayan kwana biyu aka ce an ga kayan sata a shagonsa, suka karya masa ƙafa da gora. Kowa ya san ƙarya ce, amma kowa sai ya ce mu dai mun samu lafiya.

Wata biyu da suka wuce wani dattijo mutumin Buji ya fara kawo rake ƙofar makarantarmu. Kunnensa ba ya ji sosai, sai ka taɓa shi ka nuna masa da yatsa. Ranar wata Talata mun tashi yara, yana tura baronsa da wuƙar feren rake a hannu, 'yan kwamiti huɗu suka yi masa tsawa ya tsaya, bai ji ba. Ɗaya ya sauke masa gora a ƙeya. Ya juyo a firgice da wuƙar a sama, shi ke nan suka rufe shi da duka. Ina jin ƙarar gora a kan ƙashi, yara suna ta ihu, rake ya watse a titi ana tattaka shi. Sai ga Yaya a kan babur, na ruga na riƙe masa riga na ce, "Yaya, kurma ne, wallahi ba ya ji, rake yake sayarwa." Ya dube ni ya ce, "Koma ciki." Sannan ya juya ya ce musu a koya masa hankali. Suka ci gaba har mutumin ya daina kare kansa da hannu. Kwana biyu ya yi a asibiti ya cika. Aka sanar a unguwa cewa ɗan leƙen asirin ɓarayi ne, ya zare wa jami'an kwamiti wuƙa.

Ni kuwa ina ɗan rubuta labarai da sunan ɓoye, ina turawa a wani guruf na mata masu karatu. Da abin ya cika min ciki sai na fara wani labari a kan wani gari shekara hamsin nan gaba, garin da ba sata, ba kwaɗo a ƙofa, amma dokarsu ita ce in an kama mutum, duk wanda ya zo wucewa, babba da yaro, sai ya ba da nasa bugun kafin ya wuce, don kada a samu mai shaida. Mata suka yi ta muhawara a kai. Wata ta rubuta cewa ita da a yanka mata ɗa saboda waya, gara ta zauna a wannan garin ta ba da nata bugun kullum. Ai ni ma na taɓa ba da nawa bugun. A babi na shida na yi wauta, na sa wani kurma mai sayar da kankana, da wata mace da ta riƙe rigar wanta.

Wata a guruf ɗin ta gane ni ce, ta tura wa matar Yaya, ita kuma ta karanta masa. Na dawo daga aiki ko hijabi ban cire ba ya shigo ɗakina da wayar wuta a ninke. A gaban 'ya'yana ya zane ni, ya buga wayata da bango, da na sa hannu na kare fuska ya murɗe min yatsu biyu suka karye, da hagu nake rubuta muku wannan a wayar wata abokiyar aikina. Yana duka yana cewa shi ya ɗauki gawar mijina da hannunsa, shi ya wanke jinin, yau ni ce zan mayar da shi azzalumi a idon duniya. Da ya gaji ya zauna a bakin ƙofa yana kuka kamar ba shi ba. Ya ce in kwamiti ya rushe wuƙaƙe za su dawo, kuma duk wanda aka soka bayan nan a wuyana yake. Na kira Hajiyarmu a Ringim, ta ce in yi shiru in ba shi haƙuri, ita ba za ta ga ɗanta a kurkuku a bakin 'yarta ba, in na yi haka kada in zo kan gawarta.

Da farko na yi niyyar shirun. Sai shekaranjiya 'yar mai raken ta zo makaranta da goyo a bayanta, tare da wani lauya. Sun kai ƙara, amma duk unguwar ba babba ko ɗaya da ya yarda ya gani, ɗalibai ne suka gaya mata Malama ta yi ihu cewa kurma ne. Ta durƙusa a gabana ta ce, "Malama, ni ba so nake a kashe kowa ba. So nake a daina cewa ubana ɓarawo ne, ƙannena sun daina fita a garinmu." Lauyan ya ce ranar Alhamis zai dawo ya ji matsayina.

In na yi magana na rasa gida, na rasa uwa, wataƙila a ɗaure mutumin da ya riƙe marayuna shekara huɗu bai taɓa yi musu gori ba, kuma ban da tabbacin masu wuƙa ba za su dawo ba. In na yi shiru, na gani da idona, kuma Allah ya san na gani. Malaman da ke cikin guruf ɗin nan, mene ne hukuncina in na ɓoye shaida don biyayya ga mahaifiya? Ku kuma da kuke zaune a unguwannin da ake irin wannan sintirin, ku faɗa min tsakaninku da Allah, da ku ne, ran Alhamis me za ku ce wa yarinyar nan?