Doka ta Huɗu ta 'Yan Keken Ƙaura

Ƙaura Namoda,
14 ga Mayu, 2000.

Zuwa ga Yayana Armiya'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da Anti Sa'ida da yara. Yaya Gusau, yaya aikin ofis? Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, tana gaishe ka, ta ce in tambaye ka ko sabuwar jihar ce ta hana ka tuna hanyar gida.

Na san abin da idonka zai fara nema a takardar nan, don haka bari in ba ka shi tun kafin ka tsallake layi. Ƙungiyar 'yan keken da ka kafa tana nan da ranta, yanzu su ashirin da uku ne. Baba Tsoho na kan kujerar shugaba. Abokinka kuma, maigidana, shi ne jagora tun bara, shi ke gaba da usur a baki, kai ka ce gwamna aka naɗa shi. Asabar da ta wuce Banga suka je, ta gaba kuma Ɗan Isa. Sun sha fura da nono a ruga, taya uku ta yi faci, Imrana ya faɗa cikin kunyar gona garin gaida surukinsa da hannu biyu yana bisa keke. Duk na sani, don ni ke rubuta musu littafin taro. Rubutun sakatarensu ko shi kansa sai ya yi ta kame-kame kafin ya karanta.

To, ba wannan ya sa na ɗauki biro ba.

Ka san shekara uku ke nan ina koyarwa a makarantar Tunga, can gefen hanyar Zurmi. Da na je yara mata biyu na tarar. Na bi gida-gida, na shiga har ɗakunan iyayensu mata, aka yarda aka ba ni ɗiya don an ga mace ce za ta zauna da su. Yau ajina mata goma sha tara ne. Da can ɗan kabu-kabu ke kai ni ya ɗauko ni. Tun da aka fara shari'a aka hana su ɗaukar mata a mashin, kuma ni ban ja da wannan ba ko kaɗan, Allah ya sani. Sai dai motar Zurmi ba ta barin tasha sai ta cika, wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ga shi ba ta shiga Tunga. Motocin mata da ake cewa an kawo, ku mutanen Gusau kuka san kamarsu. Ƙafa nake takawa, awa biyu da rabi, kuma ƙafar ba ta iya yi kullum. A mako kwana uku nake samun zuwa.

Mutum ɗaya ya halatta ya goya ni, kuma yana da keke, kuma shagonsa na ɗinki ba ya buɗewa sai hantsi. Amma keken ba shi da kariya, wannan mazaunin ƙarfe na baya. Me ya sa? Saboda doka ta huɗu, wadda wani mai hikima ya rubuta da hannunsa kafin ya tattara ya koma Gusau: duk keken da ke ɗauke da tutar ƙungiya ba a sa masa kariya, ko ranar yawo ko ba ranar yawo ba.

Ban manta dalilinka ba. Na tuna lokacin da yawon naku ya koma cin kasuwa, wannan da buhun dawa, wancan da akuya, kowa na tsayawa isar da saƙo. Amma Yaya, ni ba buhun dawa ba ce.

Na yi masa magana har bakina ya gaji. Na ce ya ɗaura ran Litinin ya kwance ran Juma'a, noti huɗu ne. Ya ce shi da kansa ya sa aka dakatar da Mainasara wata biyu bara don an gan shi ran Talata da kariya, da wane ido zai kalle shi? Na ce ya ari na maƙwabta. Damina ta kama, duk keken da ke da kariya yana gona tun asuba.

Maganarka suke ji kamar ta malami. Don Allah ka rubuto musu layi biyu, ka ce an ɗage wa jagora wannan doka. Shi ke nan abin da nake roƙo.

A gaida kowa da kowa.

Ƙanwarka,
Zuwaira.

Ƙaura Namoda,
25 ga Yuni, 2000.

Yayana,

Assalamu alaikum. Ina fata kuna lafiya kamar yadda muke. Yaya ruwa a wajenku? Mu nan ya sauka sosai, gero ya kai gwiwa. An ce Anti ta yi zazzaɓi, Allah ya ƙara sauƙi.

Takardarka ta iso bayan mako uku, na gode. Na karanta ta sau biyu, na juya bayanta ko akwai saura. Shafi guda da rabi kana tambayar ko har yanzu ana tsayawa ƙarƙashin tsamiyar nan ta hanyar Badarawa, da ko an gyara ƙararrawar Baba Tsoho. Maganata kuwa layi ɗaya ta samu: a kai ta gaban taro, don ƙungiya ba ta mutum ɗaya ba ce. Wallahi raina ya ɓaci, ba zan ɓoye maka ba.

Duk da haka na bi shawararka. Tun da ni ke rubuta abin da za a tattauna, na sa maganar kariya ta zama ta biyu a jeri. Ta farko ita ce maganar wando. Ka san da gajere suke sawa, yanzu kuwa an ce sai dogo, dogon kuma sarƙa na kama shi. Wasu suka ce a ɗaure ƙafar da roba, wasu suka ce a cusa cikin safa, abokinka ya ce shi zai ɗinka wa kowa tsukakke. Daga la'asar har aka kira magariba maza ashirin da uku suna kan ƙafar wando. Aka tashi ba a iso kaina ba.

Mako na biyu aka iso. Ni dai ba na wurin, takardar sakatare aka kawo mini in kwafe, sai ga ni zaune ina rubuta hukuncina da hannuna. Baba Tsoho ya ce, kuma haka na rubuta: "Dokag ga Armiya'u yas sa ta, shi ka iya ɗebe ta." Ka gani? Kai ka turo ni wurinsu, su sun turo ni wurinka. Abin da ya fi ƙona mini rai, Mainasara ne kaɗai ya miƙe ya ce a bar jagora ya kai iyalinsa aiki, shi ya yafe abin da ya wuce. Mijina kuwa, a takardar an rubuta: jagora bai ce komai ba.

Da ya dawo na ajiye masa tuwo ban zauna ba. Ya ci, ya fita zaure ya kama goge kekensa da tsumma, waya ɗaya bayan ɗaya. Ba mugu ba ne, ka fi ni sani. Ranar da ƙafata ta kumbura shi ya dafa ruwa ya gasa mini. Zai iya gasa ƙafar, amma ba zai iya ɗaura noti huɗu ba, don kada a ce jagora ya karya doka. Ni wannan irin kirki ya fara gajiyar da ni.

Ga inda aka kwana. Hedimasta ya kira ni, ya yi magana cikin mutunci. Ya ce ya rufe mini iya rufewa, amma jami'in ilimi zai zo dubiya ran Litinin, goma ga Yuli, da ƙarfe tara. In ya same ni cikin aji, zai roƙar mini. In bai same ni ba, za a cire sunana daga Tunga a turo namiji. Ka san abin da iyayen yaran nan za su yi in suka ga namiji a ajin. Akwai wata Asta, ɗiyar Fulani, da ta fara haɗa baƙi cikin watan nan, in ka ga yadda take riƙe alli sai ka yi dariya.

Su kuwa mutanenka shirin babban yawo suke yi: Asabar takwas ga wata su tafi Shinkafi su kwana, Lahadi su zaga ta Zurmi su dawo gida da yamma. An ɗinka sabbin riguna kore da fari. Gidana ya cika da ƙyalle.

Mako biyu ya rage. Kada ka ba direba takardar ya manta da ita cikin mota. Layi biyu, Yaya.

Inna na gaishe ka.

Taka,
Zuwaira.

Ƙaura Namoda,
16 ga Yuli, 2000.

Yaya Armiya'u,

Assalamu alaikum. Ina fata kai da iyali kuna cikin ƙoshin lafiya. Mu ma jiki lafiya.

Takardarka ta zo ran Talata, sha ɗaya ga wata. Na ga ka sa hannu, har da hatimin ofis. Na gode. Bari in gaya maka abin da ya faru ran Litinin.

Sun tafi ran Asabar kamar yadda aka shirya, da usur da ƙararrawa, yaran unguwa na bin su a guje. Kafin ya fita ya yi mini alkawari cewa zai dawo Lahadi, ya san yadda zai yi da ni ran Litinin, ko da aro ne. Lahadi aka yi ruwa tun azahar, rafi ya kawo, suka kwana a Zurmi. Da na idar da sallar asuba ban ga kowa ba, na sa hijabi, na ɗauki jakata na kama hanya. Da ƙasa a bushe take da na isa da sauran lokaci. Amma laka ce ko'ina, takalmina ɗaya ya tsinke tun ban bar gari da nisa ba, na riƙe su a hannu.

Wajen takwas da rabi, ina kusa da mararrabar Tunga, na jiyo usur. Sai ga su sun ɓullo layi biyu, kore da fari, tutoci na kaɗawa, suna waƙa. Gaskiya sun yi kyau, ko a lokacin na ga haka. Shi ne a gaba. Da ya gane ni ya taka birki har na bayansa ya kusa hawa kansa, sauran duk suka tsaya. Waƙar ta mutu.

Na tsaya da laka har ƙwauri, na bi su da kallo ɗaya bayan ɗaya. Keke ashirin da uku, Yaya, babu ko ɗaya da ke da wurin da zan zauna.

Ya ce in hau sirdi shi ya tuƙa a tsaye, yadda yara ke yi. Na ƙi. Maza ashirin da biyu na kallona, cikinsu har da sa'an mahaifinmu, kuma zuciyata ta riga ta kawo wuya. Wani lokaci ina tambayar kaina ko da na danne na hau da mun isa. Ban sani ba. Wannan kason laifin nawa ne, na ɗauka.

Sai ya cire usur daga wuyansa ya miƙa wa Mainasara, ya juya kan keke, ya bi ni yana turawa. Goma saura kwata muka shiga makaranta. Sawun motar jami'in ne kawai muka tarar a laka. Hedimasta ya fito, ya dubi ƙafafuna, ya dubi keken, ya ce mu shiga mu sha ruwa. An cire sunana. An ce in zauna gida har a samo mini gurbi a cikin gari, kuma akwai mata shida a gabana da ke jiran irin wannan.

Da takardarka ta zo aka kira taron gaggawa. An ce Baba Tsoho ya sa an karanta ta sau biyu, kowa ya yi na'am, ba a ɗauki minti biyar ba. Littafin taron na mayar musu, na ce sakatare ya koyi rubutu. Abokinka ya ɗaura kariya tun ranar, ya ɗinka mata 'yar katifa da ragowar ƙyallen riguna. Bai koma karɓar usur ɗinsa ba. Ba ya iya haɗa ido da ni, ni kuma har yanzu ban iya ce masa komai ya wuce ba.

Ran Alhamis na ce ya kai ni Tunga in miƙa rajista in yi sallama da yarana. Sabon malamin ya riga ya fara, mutum ne mai fara'a, ba shi da laifin komai. Na leƙa ajin na ƙirga. Mata biyar. Na tambayi Asta aka ce an mayar da ita kiwon maruƙa. Na bi gida uku, iyayen suka karɓe ni da mutunci, suka ce in na dawo za su dawo da su.

Ba na rubuto don ka ba ni haƙuri ba, kuma kada ka taso saboda wannan. Abu ɗaya nake so ka sani, tun da kai mai son labarin hanya ne. Ran Alhamis ɗin, da muka fita daga ƙofar gida na duba agogo, da muka tsaya ƙofar makaranta na sake dubawa. Da lakar, da nauyina, da tsayawar da ya yi sau ɗaya ya gyara sarƙa, minti arba'in ne.

Ka gaida Anti Sa'ida da yara. Allah ya bar zumunci.

Ƙanwarka,
Zuwaira.