Hawan Ƙofofin Marsworth

Kusa da Marsworth, Nuwamba

Zuwa ga Yaya Bridget,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da Owen da yaran. Yaya ƙafar Mama? Ki matsa mata ta riƙa dogara sandar nan, maganarki kaɗai take ji.

Kin tambayi labarin jirgin ruwan da muka mayar gida. Yana nan bai nutse ba, ki faɗa wa mijinki fatan da ya yi mana ranar da muka saye shi bai kama ba. Wannan ne sanyinmu na biyu a kan ruwa. Har yanzu ba mu da matsaya ta dindindin, don haka duk sati biyu sai mu kwance igiya mu matsa gaba, kafin ma'aikatan hukumar ruwa su fara yi mana magana. Daga nan keke nake hawa zuwa tasha, jirgin ƙasa ya kai ni kantin maganin da nake aiki. Kieran kuma bas yake bi zuwa makarantar da yake koyarwa.

Kin ce ko mun yi nadama. Ban sani ba. Bankin da ya hana mu bashin gida bai canza ra'ayi ba, haya ma ba ta sauko ba. Nan ko ba komai in na buga ƙusa a bango, bangona ne, duk da in na ware hannuwa ina taɓa bangon hagu da na dama lokaci guda.

Danshi ne dai ya dame mu, takalman da ke ƙarƙashin gado duk sun yi funfuna. Kieran ya koma kwana a bencin gaba kusa da murhu, yana ƙara gawayi kada wuta ta mutu.

Zancen Kirsimeti, kada ku zo, wurin ba zai ɗauke mu ba. Ni zan zo. Kieran wajen iyayensa zai yi bana.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Tamsin

Marsworth, Janairu

Yaya Bridget,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, na gode da ba ki tambaye ni a gaban Mama ba. Abin da kika hango haka yake. Aurenmu ya ƙare tun ƙarshen bazara. Babu wata mace, babu wani namiji, ko faɗa ba mu yi ba. Wata rana muna wanke kwanuka ya ce yana ganin mun zama abokan haya, na duba na ga gaskiya ya faɗa.

Za ki ce me ya hana ɗaya ya tafi. Ina zai je? Duk abin da muka tara yana cikin wannan ƙarfen. Sai muka ci gaba da zama. In zan wuce ban-ɗaki sai ya manne da bango, in ce masa gafara, ya ce ba komai. Abinci kowa nasa yake dafawa, amma tukunyar miya ɗaya ce, sai a jira juna.

Yanzu ruwa ya daskare, ba jirgin da ke motsi. Tankinmu ya ƙafe, kullum da yamma mu biyu muke zuwa famfo da jarkoki. A can muke haɗuwa da Dilys, tsohuwar da jirginta ke bayan namu, wadda tun kafin a haife mu take kan ruwa. Shekaranjiya ta bi mu da kallo ta ce, “Ku dai ladabinku ga juna ya yi yawa. Ko amarci kuke ci, ko kun gama.” Kieran ya yi dariya har ruwa ya zube masa a takalmi. Ni ma na yi.

Wani abokin aikinsa zai ba shi ɗaki a watan Maris. Mun yanke shawarar sayar da jirgin mu raba. Dillalin jiragen yana can saman tudu, sai mun haye ƙofofin ruwan nan masu ɗaga jirgi mataki-mataki da zarar ƙanƙara ta narke. Ni na kawo shawarar sayarwa, don na ga ita ce adalci. Tun ranar ba na iya cin abinci sosai.

Kada ki faɗa wa Mama tukuna.

Taki,
Tamsin

Bayan Tring, Maris

Yayata,

Ina gaishe ki da kyau, ina fatan murar Owen ta sake shi.

Ranar Asabar muka tashi. Kin san yadda muka saba, ni a kan tuƙi, Kieran a ƙasa yana buɗe ƙofofi yana sakin ruwa har jirgi ya ɗaga. Da muka iso ƙofar farko sai ya miƙo mini ƙarfen da ake murɗawa a saki ruwa, ya ɗauki jakarsa ya hau rufin jirgi ya zauna. Na tambaye shi lafiya. Ya ce ya san ba na son sayarwa, yana jin yadda nake shafa bangon nan da safe. Abin da ya rage a sani shi ne ko zan iya ni kaɗai, yau kuma za a gani. Rabonsa in biya shi a hankali, ba ya sauri.

Haka na yi. In ɗaure jirgi, in tura ƙofa da bayana, in dawo in shigar da shi, in hau tsanin bango da igiya a kafaɗa, in murɗa, in jira ruwa ya cika. Kafin azahar tafin hannuna ya saluɓe. Jirage biyu suka taru a bayanmu. Wani mai jar fuska ya gaji da jira, ya tako ya dubi Kieran ya ce, “Malam, ba ka jin kunya? Matarka na wahala kai ka harɗe a sama kamar kaya.”

Kieran ya ce, “Ba matata ba ce. Jirgin ma nata ne.”

Ban taɓa jin an faɗi maganar a fili ba sai ranar. Na ci gaba da murɗawa.

A ƙofa ta kusa da ƙarshe ƙafata ta zame a kan tsani, gansakuka ce ta ja ni, na rataye da hannu ɗaya, ruwa na tafasa a ƙarƙashina. Na ga ya miƙe tsaye zumbur. Na lalubo matakin da ƙafa na taka. Ya daɗe a tsaye yana kallona, sannan ya koma ya zauna. Na yi ta tunanin wannan zaman nasa, Yaya. Ina jin duk aurenmu bai taɓa yi mini abin da ya yi masa wuya kamar wannan ba.

Da muka kai sama rana ta yi sanyi. Ya sauka da jakarsa, ya ce in riƙa duba man inji, ina mantawa. Na ce ya gaida iyayensa. Ya bi hanyar bakin ruwa zuwa titi, ni kuma na tayar da inji. Na wuce ta gaban filin dillali ban tsaya ba.

Yanzu ina ɗaure kusa da wata gada, hannuwana a naɗe, shi ya sa rubutun ya karkace. Mama ni zan kira ta da kaina ranar Lahadi. Akwai wasu ƙofofin a gabana, na gangara ne wannan karon, ban kuma taɓa gangarawa ni kaɗai ba. In hannun ya yi sauƙi, jibi zan kwance igiya.

Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Tamsin